Wad Amuna na Gadarif, yaron da aka yanka wa ƙaunarsa farashi

Duk wanda ya taɓa noman riɗi ya san amfani ne marar haƙuri. Gero yakan jira mai shi, dawa ma takan yi masa uzurin mako biyu ko uku, amma riɗi in ya nuna, kwanaki kaɗan ne tsakaninsa da fashewa. In aka yi sakaci kwanson ya buɗe, sai ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar damina ta zama rabon tururuwa da tsuntsaye. Saboda haka ne a ƙasar Gadarif, can gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, da zarar watan Oktoba ya kama sai mutane dubbai su malalo cikin gonaki, kowa da laujensa, wasu daga Darfur, wasu daga Kordofan da duwatsun Nuba, wasu daga tsallaken iyaka. Suna yanka da rana, suna yanka da farin wata, ana biyansu bisa ƙirgan dami. Mutanen ƙasar suna kiransu Jango. Mu nan da sai mu ce ƴan cin rani, sai dai su damina da kaka suke ci.

Gadarif ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe. Tun kafin jirgin sama ya mai da aikin hajji tafiyar sa'o'i, kakanninmu sun bi ta can a ƙasa, daga Katsina da Gobir da Damagaram da Kano, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna nufin gaɓar Bahar Maliya. Ayarin ya ƙaru ƙwarai bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sannar. Da yawa daga masu wannan tafiya guzurinsu kan ƙare a Sudan. Sai mutum ya ce bari ya yi noma shekara guda ya haɗa kuɗin jirgin ruwa. Shekara guda ta zama biyar, ya yi aure, ya haifu, ya sayi jaki, ya yi shinge. Jikokinsa ne yau ke magana da Hausa a unguwannin Gadarif da ƙauyukanta. Wani masanin halayyar al'umma, Bawa Yamba, da ya zauna da irin waɗannan mutane a Sudan, ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya kira su mahajjata na dindindin, domin har jikokin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa ba tukuna.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya ga cewa labarin mutumin da ya tsaya neman kuɗi domin abin da zuciyarsa ke so, har neman ya sake masa kama, labari ne da ƙasar Gadarif ta saba da shi. A kan wannan ƙasa ce wani marubuci ɗan Sudan ya gina ɗaya daga cikin taurarin ƙagaggen labari mafi wuyar mantawa da na taɓa gamuwa da su.

Littafin da marubucinsa

Sunan marubucin Abdul'aziz Baraka Sakin. An haife shi a Kasala a 1963, asalin gidansu daga Darfur, ya yi karatun jami'a a Asyut ta ƙasar Masar. Littafin da Larabci ya rubuta shi, sunansa Al-Jango Masamir al-Ard, wato Jango ƙusoshin ƙasa. Ya ci kyautar adabi mai ɗauke da sunan Ɗayyib Salih a 2009, amma ba a jima ba hukumomin Sudan suka hana sayar da shi. A 2012 aka kwashe littattafan marubucin daga bajekolin littattafai na Khartum, a shekarar kuma ya bar ƙasar ya koma Ostiriya. Masu karatun Faransanci za su same shi da sunan Les Jango, fassarar Xavier Luffin, wadda kamfanin Zulma ya buga a 2020, ta kuma ci kyautar adabin Larabci da ake bayarwa a Paris a wannan shekara.

Wajibi ne in faɗi wata magana tun da wuri, tun da yake wannan mujalla tana shiga ɗakunan iyali. Littafin nan ba na miƙa wa yaro ba ne. Marubucin ya bayyana zaman gidajen giya da na mata masu zaman kansu ba tare da sakayawa ba, kuma akwai shafuffukan da ni kaina na ga da an rage su da labarin bai yi asarar komai ba. Amma wanda ya ƙi kallon gyambo bai warkar da shi ba, kuma abin da ke cikin labarin game da so da neman dukiya ya shafi gidajenmu kai tsaye. Zan faɗi abin da ke faɗuwa, in tsallake sauran.

Labarin yana gudana ne a wani ƙauye da ake kira Hilla, kusa da iyakar Habasha da Iritiriya. Mai ba da labarin da abokinsa ma'aikatan gwamnati ne da aka kora da sunan maslahar jama'a, irin korar da aka yi wa dubban ma'aikata bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989. Suna yawon ƙasa don rage zaman banza, sai suka sauka a gidan wata dattijuwa, Addai, wadda kowa ke kira Uwa. A nan suka gamu da wani saurayi kyakkyawa, mai tsabta, mai ladabi, mai saurin hidima, wanda ke haɗa wa baƙi shisha, ya san labarin kowa a garin. Shi ne Wad Amuna.

Yaron kurkuku

Sunan kansa ya ishi mai hankali. Wad Amuna na nufin ɗan Amuna, Amuna kuwa uwarsa ce. A ƙasar da ake jera wa mutum sunan uba da kaka da kakan kaka, shi da sunan mace ake kiransa, ko'ina ya shiga sunan ya riga shi faɗin abin da ya rasa. An ɗaure uwarsa a kurkukun Gadarif saboda sayar da giya, da yake kuma ba ta da inda za ta bar shi, sai ya tashi a ciki tare da ita. Wannan ba ƙirƙirar marubuci ba ce kurum. Bayan dokokin Satumba na 1983 a zamanin Numairi, mata matalauta masu dafa giya sun kasance cikin waɗanda suka fi cika kurkukun mata a Sudan, da yawa kuma da goyonsu aka riƙa rufe su.

Me yaro ke koyo a irin wannan wuri? Ba karatun allo, ba noma, ba kiwo. Abu guda ne ke kare marar ƙarfi a kurkuku, shi ne ya zama mai amfani ga masu ƙarfi. Wad Amuna ya zama ɗan aike tun bai san ma'anar aike ba. Wannan ta aike shi, wancan gandiroba ya sa shi wanki, ya koyi karanta fuskar babba kafin babba ya buɗe baki, ya koyi lokacin da ake magana da lokacin da ake haɗiye ta. Ya kuma gamu da mugunta irin wadda manya marasa tsoron Allah ke nufin yara da ita.

A cikin wannan duhu ne wata fursuna mai suna Azza ta ja shi a jiki. Ta so shi so irin na ya da ƙane, ko na uwa da ɗa, ta tsaya masa inda babu mai tsaya masa. Ƙarshen wannan tsayawa shi ne laifin kisa ya hau kanta, ƙofar kurkuku ta rufe a kanta, ba kuma za ta buɗe ba sai an biya diyya. Daga ranar nan rayuwar Wad Amuna ta sami alƙibla guda: ya tara kuɗin da zai fitar da Azza.

A nan nake so mu daɗe, don a nan ne marubucin ya yi abin da ba kowa ke yi ba. A yawancin littattafan soyayya da muka saba karantawa, so da kuɗi abokan gāba ne. Ga saurayi talaka mai gaskiya, ga Alhaji mai mota, yarinya tana tsakiya, mai karatu kuma ya san gefen da zai tsaya tun daga shafin farko. Baraka Sakin ya ɗauke wannan sauƙi. Ya sa so da neman kuɗi a cikin ƙirji guda, ya kuma ƙulla su ƙulli ɗaya, har ba ka iya warware wannan ka bar wancan. Ƙaunar Wad Amuna ga Azza tsarkakakkiya ce, babu sha'awa a cikinta, babu neman riba, sakayya ce ta alheri. Amma an yanka mata farashi. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta ƙayyade diyya da raƙuma 100 ko kimarsu a kuɗi. A fiƙihu, kamar yadda malamai suka sani, diyyar kisan kuskure dangin mai laifi ne ke haɗuwa su ɗauka, don kada nauyi ya karya mutum guda. Wad Amuna shi kaɗai ya mai da kansa dangin Azza.

To, yaron da ba shi da gona, ba shi da uba, ba shi da takardar makaranta, me zai sayar ya haɗa kuɗin raƙuma? Sai abin da kurkuku ta koya masa. Ya sayar da hidimarsa da fara'arsa. Ya iya gyaran amare, ya iya tarbar baƙo, ya iya sa mutum ya ji shi wani ne. Daga nan ya gane cewa akwai hajar da ta fi waɗannan tsada, wato abin da kunne ya ji. Wanda ke shiga kowane ɗaki da garwashin shisha, ba a yin shiru don ya shigo, domin ba a ɗauke shi mutum ba. Asirin garin duka yana bi ta hannunsa, shi kuma ya san inda kowane asiri ke da daraja.

Hausawa na cewa so hana ganin laifi, suna nufin masoyi ba ya ganin aibin wanda yake so. A wurin Wad Amuna maganar ta juya: so ya hana shi ganin laifin kansa. Kowane ƙasƙanci ya haɗiye, kowace hidima marar kyau ya yi, yana da amsa a shirye wadda ba mai iya ture ta, ai don Azza ne. Mai kwaɗayi tsagwaronsa wata rana yakan ji kunya, don ya san cikinsa yake yi wa. Wanda ke nema domin wani ya sami abin da zai rufe bakin zuciyarsa da shi. Abin da ya sa mai karatu ba ya iya ƙin Wad Amuna ke nan, ba ya kuma iya sakin jiki da shi. Ni dai na rufe littafin ina jin tausayinsa, ina kuma jin cewa da a garinmu yake da ban yi maganar sirri a gabansa ba.

Da banki ya zo

Don a fahimci matakin da ya biyo baya, sai an san yadda arzikin Gadarif yake. Ƙasar baƙar laka ce mai faɗi, mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noman inji a wajen Gadambaliya, yamma da birnin, don samar da dawa. Daga baya aka yanka dajin gonaki-gonaki, gona guda takan kai fadan 1000, wato kusan hekta 420, aka raba wa ƴan kasuwa da manyan ma'aikata, a 1968 kuma aka kafa hukuma ta musamman don wannan noma. Babban rumbun hatsi na siminti da aka gina a birnin a shekarun 1960 yana cin tan 100,000. Tarakta ke huɗa, tarakta ke shuka, amma cirar ciyawa da yankan riɗi sai hannu. Mai gona yana birni, Jango yana bukka. Shi Jango, kamar yadda littafin ya nuna shi, abin da ya tara a wata shida yakan ƙare a makonni, ya sayi sababbin tufafi, ya yi shagali, ya wayi gari ba ko sisi, ya koma daji yana cewa baɗi zai koma gida. Baɗin ba ta zuwa.

Bashi kuwa shi ne igiyar da ta ɗaure kowa. Ƙaramin manomi ya daɗe yana karɓar kuɗi a hannun ɗan kasuwa da damina, ya biya da hatsi da kaka a farashin da bai kai ba, abin da mutanen Sudan ke kira shel, mu ma mun san irinsa. A shekarun 1990 bankuna suka riƙa ba da rance ta hanyar cinikin salam, su biya kuɗin amfanin gona tun kafin a girbe. In damina ta yi gardama, manomi ya kasa cikawa, sai kurkuku, kuma manoma da yawa sun kwana a can saboda haka.

A cikin labarin, banki ya buɗe reshe a Hilla. Talakawa suka yi murna, suna zaton nasu ya samu. Suka nemi rance, aka hana su, don ba su da abin jingina. Manyan manoma aka ba, su kuma suka kawo injunan girbi, aikin da ke ciyar da Jango ya fara ƙafewa. Fushin mutane ya fara da wata zanga-zanga mai ban dariya da ban ƙyama, inda suka yi wa bankin ruwan ƙazanta, ya ƙare da ɗaukar makamai, da zuwan soja, da gudun mutane zuwa Habasha.

Ina Wad Amuna a wannan rana? Yana cikin bankin, ya sami aikin masinja. Wanda ya tashi cikin marasa galihu, wanda ya san yunwarsu fiye da kowa, ga shi yana kai wa ma'aikatan banki shayi, yana yi musu wasu hidimomin da ba na faɗa a wannan shafi. Bai ƙi Jango ba, bai kuma bar gaisawa da su ba. Lissafi kawai ya yi, irin wanda ya saba yi tun yana yaro: wa ke da ƙarfi a nan, ina kuɗi suke, ta wace ƙofa ake kusantarsu? Tawaye ba ya biyan diyya. Mai ba da labarin ya sanar da mu cewa wannan yaro na kurkukun Gadarif daga baya har minista ya zama a Khartum.

Ana iya karanta wannan a matsayin ba'a ga gwamnatin al-Bashir, cewa halayen da ake bukata don hawa kujerar minista su ne halayen ɗan aiken gidan Addai. Haka ne, kuma ba'ar ta kama. Amma akwai abin da ya fi wannan ciwo. Diyya adadi ce mai iyaka, minista kuwa ya wuce wannan iyaka nesa. Wani abu ne dabam ya ci gaba da tura shi bayan nan. Hannun da ya shekara goma yana koyon karɓa, da harshen da ya shekara goma yana koyon daɗin baki, ba su san ranar da aka cika adadi ba. So ne ya ɗora shi a kan hanya, hanyar ce ta ƙera shi.

Shi kansa mai ba da labarin ya ɗanɗani wani gefe na wannan. Ya zo Hilla yana ɗan kallo, sai ya kamu da son wata mace Bahabashiya, Alam Gishi, ya aure ta. Son nata ne ya mai da ɗan yawo manomi: ya zuba ɗan abin da ya rage masa a gona, ya shiga daji tare da Jango, yana mafarkin gida da ɗa. Matar ta bar shi, guguwar banki da tawaye kuma ta bi ta kan kowa. Nasa labarin mai taɓa zuciya ne, amma irinsa muna da shi da yawa, don haka ba zan daɗe a kai ba.

Abubakar na Galma

Wanda ya yi karatun Hausa a makaranta ba zai karanta wannan ba tare da ya tuna da Jiki Magayi ba, ɗan littafin nan da John Tafida da Rupert East suka rubuta, aka buga a Zariya a shekarun 1930, zamani ɗaya da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. A can ma an yanka wa so farashi. Abubakar da Zainab suna son juna tun suna yara. Malam Shehu, attajirin garin Galma, ba shi da haihuwa, ya ƙwallafa rai cewa ta wurin Zainab zai samu. Da dukiya da taimakon asiri ya raba su, ya aure ta, ta haifa masa ɗa, Kyauta. Abubakar ya bar gari, ya shekara da shekaru yana shan azaba a dazuzzuka, yana neman abin da zai rama da shi. Ya samo, ya lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, Kyauta ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa.

Mutanen nan biyu sun tashi daga wuri guda, wato ranar da aka nuna wa kowannensu cewa abin da yake so yana hannun mai kuɗi. Abubakar ya ga ba zai iya biya ba, sai sonsa ya ruɓe ya zama ƙiyayya. Lura da cewa duk tsawon tafiyarsa ba Zainab yake nema ba, Malam Shehu yake nema. Attajirin ne ya cika masa zuciya, shi yake kwana da shi yake tashi da shi, har ya yarda ya cutar da ɗan matar da ya ce yana so. Wad Amuna kuwa ya ce zai biya, ko nawa ne, ko ta yaya ne. Sonsa bai ruɓe ba, shi ne ya narke a kewayensa.

Marubutan Jiki Magayi sun yi wa mai karatu adalci irin na tatsuniya: mugun aiki ya bar tabo, kowa ya girbi abin da ya shuka, Abubakar ya komo daga daji jikinsa yana ba da labarin abin da zuciyarsa ta zama. Baraka Sakin, wanda ya rubuta nasa bayan shekara saba'in da ƴan kai, a ƙasar da ya ga masu laifi suna hawa manyan kujeru, bai yi wannan alkawari ba. Jikin Wad Amuna ba ya gaya wa kowa komai. Kullum fes yake, da ƙamshi, da murmushi. A ganina wannan ne ya sa littafin Sudan ɗin ya fi tayar da hankali, ko da yake na Zariya ya fi shi zubar da jini a cikin gida guda.

Gida

Ba sai an je Gadarif ba kafin a ga saurayin da aka yanka wa sonsa farashi. Sadaki a shari'a abu ne mai sauƙi, malaman Malikiyya sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Amma kowa ya san ba sadaki ke korar samari daga gari ba. Akwatunan lefe ne, da kuɗin gaisuwar iyaye, da na ƴan uwa, da ɗinkin biki, da abin da maƙwabta za su ce. A gefen amarya kuma uwa tana cin bashi don kayan ɗaki. Sai yaro ya ɗauki jaka. Da can Kano ce ko Legas ko Abijan, daga baya Libiya da Aljeriya ta hanyar Agadas, daga 2014 kuma ramukan zinariya na Jado. Yakan ce wa yarinya shekara guda. Wasu sun komo da abin da suka je nema, suka yi aurensu lafiya, Allah ya sa albarka. Wasu sun komo sun tarar an ɗaura da wani. Wasu hamada ta riƙe su. Akwai kuma kashi na huɗu da ba a cika maganarsu ba, waɗanda suka komo da kuɗin cif, a kan lokaci, amma wanda ya komo ɗin ba shi ne ya tafi ba. Ya koyi wasu abubuwa a hanya, ya yi wasu hidimomi, ya saba da wani irin lissafi, kuma duk ya yi su ne da sunan yarinyar da ke jiransa.

Iyaye mata sukan ce, da gaskiyarsu, ai so ba ya cika tukunya, kuma wanda bai iya neman na lefe ba yaya zai iya neman na cefane? Ban raina wannan magana ba. Talauci ba ado ba ne, littafin Baraka Sakin ma bai ce ado ne ba. Ya nuna Jango suna tsufa a bukka, ba mata, ba ɗa, ba mai kai musu ruwa. Abin da nake cewa shi ne, a lokacin da ake faɗa wa yaro adadi, ana duban ko zai iya kawowa, ba a cika duban abin da ke hannunsa na sayarwa ba. Ɗan mai gona zai sayar da hatsi, ɗan mai shanu zai sayar da sa. Wanda ba shi da ko ɗaya fa?

Gadarif ɗin da littafin ya zana ta sake tun daga lokacin. Al-Bashir ya faɗi a 2019. A ƙarshen 2020 dubban mutane suka tsallako daga yankin Tigrai na Habasha suna gudun yaƙi, ta kan iyakar nan da mutanen labarin suka bi suka fita, aka tsugunar da da yawansu a sansanin Um Rakuba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara, birnin ya cika da ƴan gudun hijira, makarantu suka zama wurin kwana. Yara nawa ne suka tashi a waɗannan azuzuwa suna koyon karanta fuskar mai rabon abinci, kowannensu da wata uwa ko ya da ya yi wa alkawari a zuciya?

Wata tambaya ta riƙa yi mini yawo bayan na ajiye littattafan biyu. A ce yau mutum biyu sun aiko neman aure gidanmu. Na farko Abubakar ne kafin ya bar Galma, saurayi mai asali, mai son yarinyar tun tana ƙarama, hannunsa ba nauyi. Na biyu ya zo da motoci uku, wakilansa sun yi sallama da ladabi, sun ajiye goro da alewa da akwatuna goma sha biyu, aka ce minista ne, ba ya shan komai, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, har ma akwai wata baiwar Allah da ya sha wahala a kanta shekara da shekaru don ta taɓa yi masa alheri yana yaro. Duk abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne. Na san kawunnan da za a tura bincike, na kuma san ba za su wuce ƙofar ofishinsa ba.